Hancin Gida

Ranar da mai fenti ya toshe ramukan, ni ce na kai masa ruwan sha. Na same shi durƙushe a gindin bangon falo, yana ɗibar siminti yana cusawa a wani rami da bai fi dunƙulen hannun jariri ba, ya shafe, ya matsa gaba. Gwaggo, ƙanwar mahaifin mijina, tana tsaye a kansa riƙe da doguwar wayarta ta ƙarfe mai tsumma a baki, wadda take share ramukan da ita tun kafin a haifi mijin nawa.

"Ɗan nan, hancin gidan kake toshewa," ta ce.

Mai fenti ya ɗago ya dube ni yana murmushi, irin murmushin da ake yi wa tsoho idan an ɗauka ya fara ruɗewa. "Iya, ni aiki aka ba ni. An ce kada in bar rami ko ɗaya."

Babban Yaya, wan mijina, shi ya ba da aikin. Da Gwaggo ta same shi a zaure, ko wayar da ke kunnensa bai sauke ba. Ya rufe bakinta da tafin hannu ya ce, "Gwaggo, mai saye in ya ga rami a bango, ɓera yake gani. Ki bari a sayar, sai ki gaya wa wanda ya saya ya buɗe abinsa."

Mahaifin Gwaggo ne ya gina gidan, kuma ba a yi irinsa ba a garin. Bene ne na dutse da farar ƙasa, matakalarsa ta katako tana murɗawa zuwa sama babu ƙusa ko ɗaya a jikinta, rufin falon kuwa a lanƙwashe kamar an kife kwano. Ɗalibai kan zo su zauna a tsallaken titi suna zana shi. Mu da muke ciki dai abin da muka sani shi ne ba ma kunna fanka, kuma da la'asar in iska ta taso, gidan yakan yi wani siririn fito daga cikin bango. Gwaggo ta ce numfashi yake. Iska tana shiga ta ramukan ƙasa, ta bi cikin bangon, ta fita ta na sama. Wasu na shaƙa ne, wasu na fitarwa, wasu kuma na zubar da ruwa, kuma kowanne da lokacin buɗe shi da na rufe shi da ɗan toshin katako. Ita kaɗai ta san wane ne wane. Shekara goma sha huɗu ina ganinta tana zagaye da wayar nan kowace safiya, ban taɓa bin ta ba, don na ɗauka aikin tsofaffi ne na rashin abin yi.

Ba ta ƙi a sayar da gidan ba, wannan kam zan faɗa don kada in yi wa su Yaya ƙazafi. Rufin baya yana neman gyaran da ya fi ƙarfinmu, ita ma ta sani. Da aka kawo mata takarda ta dangwala, abu ɗaya ta roƙa.

"Duk wanda zai saya, ku haɗa ni da shi. In zaga da shi in nuna masa. Yini ɗaya ya isa."

"Wannan ai ba sai kin roƙa ba," in ji Yaya.

Da mai fenti ya gama, gidan ya yi fes, fari tas kamar asibiti. A la'asar ɗin ranar na tsaya a kicin ina jin wani abu ya canza, na rasa ko mene ne. Sai da Gwaggo ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kin ji? Ya yi shiru." Fiton ne ya ɗauke.

Mutum na farko da dillali ya kawo wani ɗan kasuwa ne mai ƙamshin turare. Bai gama sha'awar matakala ba Gwaggo ta kama hannun rigarsa, ta ja shi gindin bango, ta shiga yi masa bayani: nan akwai rami an toshe, can akwai tsaga an rufe da fenti, in damina ta faɗi ba a buɗe ba bangon zai sha ruwa. Mutumin ya saurara da ladabi, ya yi godiya, ya shiga motarsa, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Dillali ya cire hularsa ya share gumi, ya dubi Yaya. "Ranka ya daɗe, in dai tsohuwar nan tana tarbar baƙi, ku nemi wani dillalin. Ni ina ɗinki tana warwarewa."

Washegari aka sauko da kayanta daga ɗakin sama. Ɗakin nan shi ne mafi kyau a gidan, mai taga uku, kuma a cikinsa aka haife ta. Dillali ya ce a bar shi wayam don masu kallo su ga faɗinsa. Mijina ne ya je ya gaya mata, ya durƙusa har ƙasa kamar mai neman gafara.

"Gwaggo, gwiwarki ce muke ji. Hawa da saukar nan ya yi miki yawa. Na ɗan lokaci ne."

"Gwiwata ta kawo maka ƙara ne?" ta ce. Amma ta tashi ta naɗe tabarmarta da kanta.

Sito aka ba ta, ɗan ɗakin da ke jikin kicin inda muke ajiye buhuna da tsofaffin tukwane. Ba shi da taga, sai ƙwan lantarki ɗaya. Ni na share shi, ni na shimfiɗa katifar. Na ce wa mijina ɗakin bai dace da mutum ba, ya ce in ba shi wani in ina da shi. Ɗakina da na yara ne kawai suka rage, kuma ban ce a ba ta nawa ba.

Da masu kallo na biyu za su zo, Yaya ya ce in ja mata ƙofa kawai, in ce ta huta. Ta huta na minti biyar, sannan ta fito da wayarta ta same su a falo. A zuwa na uku sai ga Yaya da sabon kwaɗo a leda. Ya saka a ƙofar siton da hannunsa, ya miƙo mini mukullin.

"Ke ce a gida kullum. Da kin ji mota ki rufe, da sun tafi ki buɗe. Awa ɗaya ce, ba kurkuku ba ne."

Na karɓa. Na sha gaya wa kaina cewa ba ni da ta cewa, ni matar ƙani ce, gidan ba na ubana ba ne. Amma hannuna ne ya karɓa, kuma babu wanda ya murɗe shi.

Ranar farko da na rufe ta, sai da na yi mata ƙarya cewa ƙofar ce take buɗewa da kanta. Ta dube ni, ta dubi kwaɗon, ta ce, "To, 'yar nan, rufe. Kada a yi miki faɗa." Wannan maganar ta fi zagi ciwo, har yau ban warke daga ita ba.

Damina ta faɗi. Sati biyu da fara ruwa, fentin falo ya fara kumbura daga ƙasa, in ka danna da yatsa sai ruwa ya tsatso. Wani wari ya cika gidan, irin na rigar da aka manta a bokiti. Takalman yara suka yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Yaya ya sa mai fenti ya dawo yana bin wuraren da suka kumbura yana shafewa duk ranar da za a zo kallo, ni kuma aka ce in riƙa kunna turare. A sito abin ya fi muni, don bangonsa ne ke fuskantar inda ruwa ke bugowa. Katifar Gwaggo kullum a jiƙe take ta ƙasa. Ina fitar da ita rana in akwai rana, in babu in juya ta.

Sai tari ya kama ta. Da farko busasshe, daga baya ya koma mai nauyi, irin wanda in ta fara sai ta dafa bango. Na gaya wa mijina, ya sayo maganin tari na kwalba. Na gaya wa Yaya, ya ce tsufa ne, kowane tsoho yana tari da damina. Matarsa da ta zo duba ta, daga bakin ƙofa ta tsaya da mayafi a hanci, ta ce ai Gwaggo ma ta ji daɗi, ga ta kusa da kicin, ba ta rasa ɗumi.

Masu kallo kuwa suka ƙaru, wata rana sau biyu, wata rana sau uku. Awa ɗayan Yaya ta zama yini. Wani lokaci ina cikin zuba mata abinci zan ji ƙarar mota, sai in ajiye kwanon in fito da sauri in datse. A lokacin ne na fara jin wani sauti daga siton in na rufe ta. Ba bugun ƙofa ba ne, ba ta taɓa buga ƙofa ba. Wani ƙwas-ƙwas ne a hankali, kamar ana ƙwanƙwasa dutse da ƙarfe, ya tsaya in tari ya taso, ya ci gaba. In na buɗe sai in same ta zaune a kan katifa, hannuwanta a cinya. Ban tambaye ta ba. A lokacin na riga na koyi rashin tambaya.

Wata Talata da hantsi dillali ya zo da wata mata mai gilashi da takalmin maza. Ya ce Malama ce, mai koyar da zanen gine-gine, ita da wasu abokan aikinta ne suke son sayen gidan su adana shi yadda yake. Ba ta yi kama da sauran ba. Ba ta tambayi yawan ɗakuna ba. Ta shafa matakala da hannu, ta tsaya a tsakiyar falo ta ɗaga kai ta daɗe, sannan ta tsuguna ta danna fentin da ya kumbura, ta shinshina yatsanta.

"Na taɓa karantawa cewa maginin ya bar hanyoyin iska a cikin bangon nan," ta ce. "Ina suke?"

Yaya ya yi dariya. "Malama, zancen mutanen da ne. Mu dai tun tasowarmu haka muka ga bangon."

"Ba wani babba da ya rage wanda ya san gidan tun asali? Ko da awa ɗaya ce in zauna da shi."

Ina tsaye a ƙofar kicin da tire a hannu, mukullin yana ɗaure a bakin zanena. Tsakanina da ƙofar sito bai fi taku huɗu ba. Mijina ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa.

"Ai duk sun rasu," in ji Yaya. "Mu ne manyan yanzu."

Sai sautin ya taso. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, daga cikin bango, a fili, kowa ya ji. Malama ta juya.

"Mene ne wannan?"

Dillali ya tafa hannu yana dariya. "Tsohon gida ke nan, Malama, ba ya rasa masu motsi a ciki. Wannan kyauta ne, ba mu sa shi a ciniki ba."

Aka yi dariya. Malama ba ta yi ba, ni ta kalla. Na san ta kalle ni ne don ni kaɗai ce ban buɗe baki ba tun da ta shigo. Kalma uku ta ishe ni: tana nan ciki. Na ji su a harshena. Abin da ya fito shi ne, "Ga ruwa, Malama."

Da suka tafi na buɗe siton. Gwaggo tana zaune yadda ta saba, sai dai numfashinta yana fita da ƙyar.

"Na ji an ce mun rasu," ta ce. "Allah ya ji ƙanmu. Yaushe aka yi, ban samu labari ba?"

Na durƙusa na fashe da kuka. Ita ce ma ta dafa kaina.

"Bar kuka. Matar nan ta san abin da take tambaya, na ji muryarta. In ta dawo, ki buɗe ni. Ko ba ki buɗe ni ba, ki samo takarda in faɗa miki ki rubuta. Kin yi makaranta, ni ban yi ba."

Na ce to, gobe. Gobe ta zo aka ce Malama ta amince, a fara haɗa kaya. Na shiga ɗaure tukwane da neman kwalaye da rigimar makarantar da yara za su koma. Kullum in na kai mata abinci sai ta ce, "Takardar fa?" in ce, "Gwaggo, bari in gama wannan." Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. In na rubuta, dole in kai wa Malama, in na kai mata, dole ta tambayi wanda ya faɗa mini.

Kwana tara bayan zuwan Malama, na shiga da safe na same ta ba ta iya tashi. A asibiti likita ya saurari ƙirjinta ya daɗe, sannan ya tambayi inda take kwana.

"Ɗakin sama ne, mai taga uku," in ji mijina. "Iska har ta yi yawa."

Likita ya dube shi ta saman gilashi, ya ci gaba da rubutu.

A rana ta uku da azahar ta farka ta ganni a gefen gado. Wannan karon na zo da takarda da biro, na nuna mata. Ta yi murmushi. Ta ce, "Fara daga falo. In kin juya wa matakala baya, na hannun dama, na farko na shaƙa ne. Na biyu kada a buɗe shi sai ruwa ya ɗauke. Na uku…" Tari ya sarƙe ta. Ma'aikaciyar jinya ta zo ta mayar mata da robar iska a hanci, ta ce in bar ta ta huta. Ba ta sake magana ba. Da la'asar ta cika.

Yaya ya yi kuka sosai a wajen zaman makoki. Ya gaya wa mutane cewa ita ce ta riƙe su bayan rasuwar mahaifinsu, kuma gaskiya ne. Ya ce Allah ya sa ba ta ga ranar da za a bar gidan ba, da baƙin ciki ya kashe ta. Mutane suka gyaɗa kai suna cewa hutu ne Allah ya yi mata.

Wata guda bayan mun tashi, ina warware wani zane na ji abu ya faɗi. Mukullin sito ne. Da na so in jefar, sai na kasa. Na ɗauki mayafi na nufi gidan.

Na sami Malama a falo da ma'aikata biyu, sun kankare fentin bango ɗaya har sun kai ga simintin. Ta rame. Ta ce sun nemo mai fentin, ya ce shi bai ƙirga ba, kuma bayan ya toshe ya bi bangon duka da siminti, ba zai iya nuna ko ɗaya ba. Sun fasa wurare shida da ka, biyu suka dace, ɗaya kuma da suka buɗe ashe na ruwa ne, ruwan sama ya bi ta nan ya shiga cikin bango, yanzu tsaga ta kama daga ƙasa har rufi.

"In muka ci gaba da lalube za mu kashe shi," ta ce. "In muka bari, danshi ya kashe shi."

Na miƙa mata mukullin na ce na sito ne, na manta ban bayar ba. Ta ce dama suna shirin fasa kwaɗon, mu je. La'asar ta yi, iska ta fara kaɗawa. Tun kafin in murɗa mukullin na ji shi, siriri, daga cikin ɗakin: fiton nan da na yi wata biyar ban ji ba.

Katifar tana nan yadda muka ɗauke ta a kai. Malama ta ja ta gefe. A gindin bango, daidai inda kan Gwaggo yake kwanciya, ga rami a buɗe, an ƙwaƙule simintin tas, an share gefensa sumul. A ƙasa ga ɗan tulin garin siminti an tara shi wuri ɗaya, da cokalin shayi wanda bakinsa ya cinye har rabi. Cokalina ne, na daɗe ina nemansa, har na zargi yara.

Malama ta ɗauki cokalin ta juya shi a hannunta. Ta dubi katifar, ta dubi kwaɗon da ke hannuna.

"Wa ya kwana a nan?"

Na faɗa mata duka, ban rage wa kowa ba, har da tiren ruwan. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta zauna a kan katifar mai danshi ta cire gilashinta. Na ciro takardar da na rubuta a asibiti daga jakata na ba ta, layi biyu da rabi.

"Guda nawa ne duka?" ta tambaya.

"Ban sani ba."

"Shekara nawa kika yi a gidan?"

"Goma sha huɗu."

Ba wanda ya doki Gwaggo, ba wanda ya hana ta abinci, ba wanda ya ɗaga mata murya. Kowannenmu da dalilinsa mai kyau: gwiwarta, ɓera, ciniki, ɗan lokaci. Da dalilan nan muka ɗauki mutum ɗaya tilo da ta san yadda gidan yake rayuwa, muka sa mata kwaɗo, muka ce ta mutu tana ji. Yini ɗaya ta roƙa. Yanzu an kafa allo a ƙofar gidan da sunan mahaifinta da shekarar da ya gina shi, an tokare bangon falo da ƙarafa, ɗalibai suna zuwa suna zana tsagar. Yaya yakan bi ta titin da baƙinsa ya nuna musu ya ce gidan kakansa ne.

Ni ba na bi ta nan. A sabon gidanmu akwai fanka a kowane ɗaki, bangon bulo ne, ba ya cewa komai. Amma duk lokacin da cokali ya bugi kofi a kicin, ko da rana tsaka ne, sai na tsinci hannuna a bakin zanena yana laluben mukulli.

A ranar da na mayar da mukullin, kafin in fito daga siton, na tsuguna na sa tafin hannuna a bakin ramin. Iska tana shigowa, mai sanyi, a hankali, tana tsayawa tana dawowa. Malama ta tambaye ni ko wannan na shaƙa ne ko na fitarwa. Na daɗe hannuna yana wurin, na kasa ganewa.